Babi na Bakwai: An Ci Ka Biyu da Nema, Sai Yaya?

Tsaya a kowace majalisar matasa a Kwarbai, daga bakin fadar Zazzau har zuwa Babban Dodo, ka tambayi abin da ya faru a duniyar wasanni cikin watan Mayun 2019. Kafin ka rufe baki za a ce maka Liverpool. Barcelona ta zura musu uku a Sifen, suka jira ta a Anfield ranar 7 ga wata suka rama da huɗu. Azumi kwana biyu kacal da kamawa, kuma an take wasan daidai lokacin asham, don haka wasu samarin ko liman bai ga ƙeyarsu ba a daren nan. Har gobe da wannan wasa ake buga misali idan ana maganar ƙungiyar da aka riga aka yi wa jana'iza ta tashi.

Amma a cikin watan nan an yi wata farfaɗowar da ta fi wannan wuya, ta kuma fi shafar Zazzagawa, sai dai kaɗan ne suka gan ta. Dalili kuwa, a Amurka da Kanada aka yi ta, kuma yawancin wasannin sai wajen ƙarfe ɗaya da rabi na dare agogonmu ake fara su, a tashi ana shirin sahur. Ƙwallon kwando ce. Ƙungiyar kuwa Toronto Raptors, wadda shugabanta a lokacin, Masai Ujiri, a Zariya ya girma, a Zariya kuma ya fara jefa ƙwallo a kwando.

Bari mu fara da tsarin gasar, don a nan bambancin yake. A gasar NBA, idan an gama kakar wasa mai wasanni 82, ƙungiyoyin da suka fito ba kifa-ɗaya-kwala suke yi ba. Ƙungiya biyu ake haɗawa su yi ta karawa, yau da jibi, har sai ɗaya ta ci huɗu, ko da za a kai wasa bakwai. Liverpool dare ɗaya take buƙata: hayaniyar 'yan kallo, kusurwar da aka bugo kafin masu tsaron baya su waiwayo, shi ke nan. Wanda aka ci biyu da nema a ƙwallon kwando kuwa, sai ya ci huɗu cikin biyar ɗin da suka rage, kuma da mutanen nan dai da suka lallasa shi jiya da shekaranjiya, waɗanda suka haddace kowane motsinsa. Sa'a tana iya ba ka wasa ɗaya, ba ta ba ka huɗu. Shi ya sa a tarihin gasar, fiye da tara cikin goma na ƙungiyoyin da suka fara cin biyun farko su ne suke wucewa. Wanda aka ci uku da nema kuwa, ba a taɓa samun wanda ya dawo ba. Boston ta kusa a 2023, ta ja Miami har wasa na bakwai, aka doke ta a gidanta.

Shi Ujiri a Ingila aka haife shi a 1970, aka dawo da shi Zariya yana ƙarami. Kamar kowane yaro a garin nan, da tamaula ya fara, sai yana ɗan shekara 13 ya koma kwando. Wasan ba na cikin ganuwa ba ne. Yaron Kwarbai da yake son ya ga inda ƙwallon kwando ta yi saiwa a Zariya sai ya fita ta Ƙofar Doka, ya ratsa Tudun Wada, ya wuce PZ da Kwangila, ya miƙe zuwa Samaru, inda Ba'amurken nan Oliver Johnson, wanda kowa ya fi sani da Koci OBJ, ya ƙarar da shekaru yana rainon yara a filayen Jami'ar Ahmadu Bello. Ta hannunsa Ujiri ya biyo. Ya yi karatu da wasa a Amurka, ya buga 'yan shekaru a ƙananan ƙungiyoyin Turai, bai yi wani suna ba. A 2002 ya fara yi wa Orlando Magic farautar 'yan wasa ba tare da albashi ba. Shekara goma sha ɗaya bayan nan, a 2013, shi aka zaɓa gwarzon masu gudanar da ƙungiya na shekara yana Denver, kuma a shekarar Toronto ta ɗauke shi.

Na kawo wannan ne don farfaɗowar da za mu yi magana a kai ba a cikin mako ɗaya aka ƙulla ta ba. Toronto ƙungiya ce mai cin wasa a kaka, ta zo wasannin ƙarshe ta narke. Cleveland ta LeBron James ta share ta huɗu da nema a 2017, ta sake share ta huɗu da nema a 2018. Ujiri ya yi abin da ya jawo masa zagi. Ya sallami koci Dwane Casey, wanda ya ci wasa 59 a kakar, wanda kuma bayan 'yan makonni aka ba kyautar gwarzon koci. Ya ɗauki DeMar DeRozan, ɗan lelen garin, ya musanya shi da Kawhi Leonard na San Antonio, mutumin da wasa tara kacal ya buga a kakar da ta wuce saboda ciwon cinya, kuma saura shekara guda kwantiraginsa ya ƙare. A watan Fabrairun 2019 ya ƙara da Marc Gasol, dogon Basifaniyen da shekarunsa suka ja amma kansa ke ja fiye da ƙafarsa. Ragamar horarwa kuma ya miƙa wa mataimakin Casey, Nick Nurse, wanda ya yi shekaru yana gwaje-gwaje a ƙananan gasannin Ingila da Amurka, inda ba mai kallonka balle ya yi maka dariya idan dabararka ta watse.

Abokan karawarsu a zagayen da zai kai ga wasan ƙarshe su ne Milwaukee Bucks. Su ne suka fi kowa cin wasa a kakar, 60 cikin 82, kuma tun da aka fara ba a taɓa doke su sau uku a jere ba. Jagoransu Giannis Antetokounmpo, shi ma jinin Nijeriya ne: iyayensa daga Legas suka tafi Girka, a can Atina aka haife shi. Shekararsa 24, tsayinsa ƙafa bakwai ba inci ɗaya, kuma idan ya ɗauko ƙwallo a guje, taku biyu yake yi daga layin maki uku ya danƙara ta a kwando. Tsarin kocinsu, Mike Budenholzer, ba shi da wani rufa-rufa. Giannis ya kutsa tsakiya, mutum huɗu su baje a gefe. Ka bar shi da mutum ɗaya ya tattake shi. Ka taru a kansa ya miƙa wa na gefe ya jefa ta maki uku.

Wasan farko, ranar 15 ga Mayu a Milwaukee, Toronto ce ke gaba har aka shiga kwata ta huɗu, sai numfashi ya ƙare mata. Aka tashi 108 da 100. Wasa na biyu ma ba a cewa komai: kafin hutun rabin lokaci an ba su ratar maki 25, aka ƙare 125 da 103. Giannis ya ci 30. Gasol ya jefa tara, ɗaya ta shiga, kuma da 'yan jarida suka tare shi bai nemi wanda zai laɓe a bayansa ba, ya ce laifin nasa ne.

To, a nan ne ake gane koci. Kowa ya san abin da akan yi a filayenmu idan an sha kashi irin wannan. A tara yara a rana a yi musu tatas. A ce ba su da zuciya. A sa su zagaye fili sau ashirin. A ɗora wa alƙalin wasa rabin laifin, sauran rabin a ɗora wa wanda ya fi kowa rashin baki. Washegari a sauya mutum uku cikin biyar, a fito da ƙungiyar da ba ta taɓa buga minti goma tare ba. Masu sharhi a Toronto ma abin da suka nema ke nan: a ajiye Gasol a benci. Nurse ya bar su suna tsammanin zai yi hakan. Da aka fito wasa na uku, mutum biyar ɗin nan dai su ya sake fitowa da su. Abu ɗaya ya taɓa. A wasa biyun farko Pascal Siakam, ɗan Kamaru, shi ke tsare Giannis, Leonard kuma yana kan Khris Middleton. Sai ya musanya su.

Mai karatu zai ce, to me ya hana a yi haka tun farko, tunda Leonard sau biyu ana zaɓensa gwarzon mai tsaro, a 2015 da 2016? Abin da ya hana shi ne tsada. Leonard shi ne mai ciyo wa Toronto maki, talatin-talatin a kowane dare. Ka ɗora masa tare ƙaton da ya fi shi tsawo da inci huɗu, wanda zai yi ta bangazarsa da kafaɗa minti arba'in, ka ci daga ƙarfin da zai yi jifa da shi. Koci yakan ɓoye irin wannan makami sai ranar da babu gobe. Abin da ya sa ma aka iya fito da shi, tun cikin hunturu aka yi tanadinsa: a kakar nan wasa 22 Leonard bai buga ba, yawancinsu don a lallaɓa ƙafarsa, 'yan kallo suna ta ƙorafin sun sayi tikiti ba su gan shi ba. Hutun da aka tara a Disamba da Janairu shi aka kashe a wasa na uku, daren 19 ga Mayu, da ya buga minti 52 yana ɗingishi.

Leonard kuma ba shi kaɗai aka bar wa aikin ba. Shi ne a gaba, yana rage wa Giannis gudu tun daga nesa, ba ya barinsa ya ɗauki hanzari. A bayansa Gasol ya tsaya ƙarƙashin kwando, wani ya matso daga dama, wani daga hagu, duk hannuwa a buɗe. Duk inda Giannis ya ɗaga kai, ƙirji uku yake gani. Mutumin da ya tashi a cikin birni ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Waɗanda suka gina ganuwar Zazzau sun san ba a rufe gari ruf, dole a bar ƙofa. Gwaninta ita ce kai ne za ka zaɓi inda ƙofar za ta kasance, ba maharin ba. Toronto ta toshe tsakiya, ta bar ƙofa a gefe, kuma ta bar ta ne a gaban waɗanda hannunsu ya fi rawa, irin su Eric Bledsoe. In sun jefa ta shiga, an yafe. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne Giannis ya isa kwando a guje. Don haka ma suka rage rububin ƙwallon da ta dawo daga allon abokan gaba: ana jefawa, mutum uku sun juya sun koma gida kafin Milwaukee ta ɗauko gudu. Wasan ya koma na tsaye, na lissafin daƙiƙa 24, inda Toronto ta fi gogaggun mutane.

A daren wasa na ukun Giannis ya jefa 16, biyar suka shiga. Maki 12 ya ci, ya zubar da ƙwallo sau takwas, a layin jifar ƙeta kuma biyu ya samu cikin bakwai.

Duk da haka saura ƙiris komai ya rushe, kuma wanda zai ba da labarin nan ya tsallake wannan bai yi adalci ba. Kyle Lowry, mai riƙe da ragamar wasan Toronto, ya cika ƙeta shida aka fitar da shi ana saura kusan minti shida. Norman Powell, wanda ya taso daga benci ya ci 19, shi ma ya bi shi. Ana saura daƙiƙa bakwai, Toronto na gaba da maki biyu, aka ba Siakam jifa biyu daga layi. Ya zubar da duka biyun. Middleton ya farke, aka tafi ƙarin lokaci, aka sake tafiya wani. A farkon na biyun ne Giannis ya cika tasa ƙetar ya fita, Leonard ya ƙarasa aikin, aka tashi 118 da 112, shi kaɗai yana da 36. Da ƙwallo ɗaya ta karkata wani gefen, da an zama uku da nema, da babu wannan babi. Dabarar Nurse ba ita ta ci wasan kai tsaye ba. Abin da ta yi shi ne ta maido da ratar 22 zuwa inda sa'a za ta iya yin aiki.

Akwai wani ɗan gajere a bencin Toronto, Fred VanVleet, wanda a 2016 ƙungiyoyi talatin suka yi zaɓen sababbin 'yan wasa ba wadda ta kira sunansa. Tun zagayen baya da Philadelphia hannunsa ya mutu. A wasa na uku ya jefa 11, ɗaya ta shiga. A wurinmu da tuni an ce an yi masa baki. Washegari, 20 ga Mayu, aka haifa masa ɗa namiji a garinsu Rockford, ya je ya gani ya dawo ba isasshen barci. A wasanni ukun da suka biyo baya ya jefa ta maki uku sau 17, sha huɗu suka shiga. Bahaushe zai ce yaro ya zo da goshi, kuma ba ni da ja. Sai dai goshi ba ya aiki a kan benci. Nurse ya ga cewa jifar da VanVleet ke zubarwa jifa ce mai kyau, a buɗe yake jefa ta ba a matse ba, kuma ko ba ta shiga yana tsaro kamar kaska. Ya bar shi a fili. A ɗaya gefen kuma Danny Green, wanda da shi ake fara wasa, da nasa hannun ya ƙi dawowa, sai aka yi ta zaftare mintocinsa a hankali ba tare da an tozarta shi ba. Rarrabe wanda za a jira da wanda za a rage wa kaya, wannan ba a karanta shi a takardar sakamako. Sai wanda ya zauna ya sake kallon wasan jifa bayan jifa.

Wasa na huɗu bai yi wuya ba: Leonard a gajiye yake, 'yan benci suka ɗauke masa, Powell da Serge Ibaka da VanVleet suka haɗa 48, aka tashi 120 da 102. A wasa na biyar aka koma Milwaukee. Yanzu Budenholzer ne ke sauye-sauye, ya cire Nikola Mirotic ya sa Malcolm Brogdon, alamar cewa damuwar ta sauya gida. Milwaukee ta fara da 18 da 4, filin kamar zai tsage, amma Toronto ba ta bar abin da take yi ba. Leonard, wanda aka sani da riƙe ƙwallo, ya ga an taru a kansa kamar yadda su ma suke taruwa a kan Giannis, sai ya yi ta miƙa ta waje. Ya ci 35, ya ba da tara aka ci. Bambancin ke nan: na gefensa suna jefawa tana shiga. 105 da 99.

Wasa na shida ya faɗo daren 25 ga Mayu, daren farko na goman ƙarshe, lokacin da masallatan cikin birni suka fara cika da masu tahajjud. Ana dab da ƙarshen kwata ta uku Milwaukee na gaba 76 da 61. Daga nan Toronto ta ci 26, Milwaukee ta ci uku. A ƙarshen wannan ruwan maki ne Lowry ya ƙwace ƙwallo, ya ruga, ya ji Leonard na biye da shi, ya ajiye masa ita a baya ba tare da hanzari ba, shi kuma ya tashi da hannun hagu ya danƙara ta a kan Giannis. Aka tashi 100 da 94. Ƙungiyar da ba a taɓa ci sau uku a jere ba, an ci ta huɗu. Toronto ta kai wasan ƙarshe karo na farko tun kafuwarta a 1995, kuma ranar 13 ga Yuni ta karɓe kofin daga hannun Golden State.

Na san kocin da ke horar da yaran sakandare a Zariya, ko mai riƙe da ƙungiyar unguwa a Kano ko Kaduna, zai ce ina ruwansa da wannan, shi da ba shi da Leonard, ba shi da ma'aikatan bidiyo, gasanninmu ma yawanci na 'yan kwanaki ne, a buga rukuni a shiga kifa-ɗaya-kwala. Gaskiya ne. Amma a irin waɗannan gasanni sau nawa kake sake haɗuwa a wasan ƙarshe da wanda ya ci ka a rukuni? Kuma abin da Nurse ya yi tsakanin 17 da 19 ga Mayu ba abu ne na masu kuɗi ba. Tambaya ɗaya ya amsa: ta ina ainihi ake cin mu? Yaro ɗaya da wayar hannu a saman benci ya isa ya ɗauki wasa. Wani da biro da takarda ya isa ya zana fili ya ɗiga alama duk inda aka jefa aka ci ka. Sau da yawa za ka tarar abin da ka kwana kana yi wa faɗa ba shi ne ciwon ba: kana zagin dogonka don ba ya cafe ƙwallo, ashe rabin makin a guje ake cinsu tun bai iso ba, saboda gajerunka suna zubar da ita a tsakiyar fili. In ka gano, gyara wannan ɗin kaɗai, ka ɗora shi a kan wanda ya fi kowa iyawa ko da shi ne tauraronka, ko da zai ɓata rai don makinsa zai ragu. Sauran ka bar su yadda suka saba. Yaran da aka ci jiya sun riga sun rikice, ba sa buƙatar sabon karatu biyar a dare ɗaya.

Wanda ya fi kowa ɗaukar darasin kuwa shi ne wanda aka yi wa. Milwaukee ba ta kori Budenholzer a lokacin ba, ba ta kuma watsar da tsarinta ba. Ta nemo abin da ta rasa a 2019, wato mai riƙe ƙwallo da ba ya rawa idan wasa ya tsaya cik, ta kawo Jrue Holiday a ƙarshen 2020. Giannis ya koyi miƙa ƙwallo tun kafin a rufe shi, ya koyi karɓarta kusa da kwando maimakon ɗauko ta daga nesa kullum. A 2021 Brooklyn ta ci su biyu da nema, suka dawo suka fitar da ita a wasa na bakwai. A wasan ƙarshe Phoenix ma ta ci su biyu da nema, suka ci huɗu a jere. A daren da suka ɗauki kofin, 20 ga Yuli, Giannis ya ci maki 50, kuma a layin jifar ƙeta, inda Toronto ta gan shi yana zubar da biyar cikin bakwai, ya jefa 19 ya ci 17.